Amsa ga malamin da ya ce ƙwaƙwalwarsa ta yi nauyi

Wani malamin makarantar sakandare mai shekara 46 ya aiko da wannan tambaya: "Likita, ina koyar da lissafi da safe, da yamma kuma ina zama a shagona har bayan isha'i. Kusan shekara biyu ke nan nake jin kaina ya yi nauyi. Nakan manta sunan ɗalibin da na sani sarai, nakan shiga ɗaki in rasa abin da ya kai ni, bayan azahar kuwa gyangyaɗi nake yi ko ina gaban allo. Ba na kwanciya sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, domin nakan zauna a majalisa mu sha shayi, in na shiga gida kuma in duba waya, sannan in tashi sallar asuba. Wani ya ba ni shawarar in sayi maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a kemis. Shin tsufa ne ya zo mini da wuri, kuma wane magani ya dace in sha?"

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da kwantar maka da hankali. Mutumin da sunan ɗalibi ya kwanta masa sannan ya faɗo masa bayan ɗan lokaci, ko ya shiga ɗaki ya rasa abin da ya kai shi sannan ya tuna da zarar ya koma inda ya fito, galibi matsalarsa ta rashin natsuwa ce. Abin da hankali bai tsaya a kansa ba lokacin da ya faru ba ya zama daram a ƙwaƙwalwa, balle a same shi cikin sauƙi idan aka neme shi. Ciwon mantuwa irin na tsufa yana da kamanni daban, kuma zan zo kansa. A shekarun da na yi ina duba marasa lafiya, mafi yawan masu shekara arba'in zuwa hamsin da suka zo mini da irin kukanka, abin da na tarar a tare da su bai wuce ƙarancin barci, da hawan jinin da ba su san suna da shi ba, da ƙarancin jini, da damuwar da ta yi musu katutu ba. Duk waɗannan a jiki suke, kuma duk ana iya gyara su.

Dalilin da ya sa nake fara bincike daga jiki shi ne yadda ƙwaƙwalwa take rayuwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa idan yana hutawa. Ba ta da rumbun kirki da za ta yi ajiya a ciki. Jini ne yake kai mata sukari da iskar oksijin dare da rana ba yankewa. Saboda haka duk abin da ya taɓa jini, ko jijiyoyin da yake bi, ko hutun da take samu, kafin ya nuna a ko'ina yakan nuna a tunani. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ka riga ka rubuto mini rabin amsar a cikin tambayarka. Daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa kiran assalatu awa huɗu ne, ko da ɗan ɗori. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara a kowace rana, wato kullum kana cin bashin kusan awa uku, kuma shekara biyu kana tara wannan bashi. Ko saurayi ɗan shekara ashirin aka ɗora wa haka, sai ya riƙa manta sunaye. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, wanda ya daɗe yana gajeren barci yakan ji kamar ya saba, alhali idan aka gwada saurin fahimtarsa da yawan kurakuransa sai a ga kullum ƙara lalacewa suke yi. Jin gajiyar ne yake dushewa, illar kuwa tana nan.

Barci aiki ne da ƙwaƙwalwa take yi wa kanta. Akwai wani ɓangare nata da ake kira hifokamfas, wanda yake riƙe sababbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji a yini, kamar yadda ɗan kasuwa yake rubuta ciniki a 'yar takarda kafin ya shigar da shi babban littafi. A cikin barci mai nauyi ne ake maimaita waɗannan abubuwa a mayar da su ma'ajiya mai ɗorewa. Wanda ya yanke barcinsa ya hana a kammala wannan shigarwa, shi ya sa ɗalibin da ya kwana yana karatu daren jarrabawa yakan wayi gari da abin da bai kai wahalar da ya sha ba. Sannan a shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Maiken Nedergaard, sun nuna a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana ratsa ta fiye da lokacin farke, yana kwashe dattin da aikin yini ya bari.

Na san ba za a ce maka ka bar tashin asuba ba, kuma ba zan faɗa ba. Gyaran daga ɗaya bakin yake, wato lokacin kwanciya. Wanda zai tashi ƙarfe biyar ya kamata ƙarfe goma ta yi masa a shimfiɗa. Wannan tsari tsoho ne a wurinmu, domin hadisin Abu Barza da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Kakanninmu da ba su da lantarki ba su sha wahalar bin wannan ba. Mu ne muka samu fitila da waya muka mayar da dare rana. Ba na tsammanin za ka iya sauko da lokacin kwanciyarka daga ɗaya zuwa goma a dare guda. Ka riƙa rage rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu, kuma ka riƙe lokaci ɗaya har ranakun da ba ka zuwa makaranta, domin agogon da ke cikin jiki yana son tsari. Wayar kuma ta kwana nesa da matashin kai. Haskenta yana da nasa laifi, amma a ganina babban laifin na abin da ke cikinta ne: labarin tashin hankali, da gardamar siyasa, da bidiyon da ɗaya ke jawo ɗaya, duk suna tayar da zuciyar da ya kamata ta fara lafawa.

Sai maganar shayin majalisa, wadda nake roƙonka ka ɗauke ta da muhimmanci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce take sa a ji barci. Sinadarin kafeyin da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro yana toshe wuraren da adenosin yake kamawa, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali ba ta je ko'ina ba. Jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin da aka sha. Ka lissafa da kanka, tunda lissafi sana'arka ce: shayi mai kauri da aka daɗe ana dafawa, aka sha zagaye biyu ko uku da ƙarfe goma na dare, rabin ƙarfinsa yana cikin jininka har ƙarfe uku. Ko barci ya ɗauke ka, ba zai yi nauyin da ake bukata ba. Da safe sai ka tashi a gajiye ka nemi goro, da rana ka ƙara, da dare ka koma majalisa, haka abin yake ta zagayawa. Ban hana ka shayi ko goro ba, domin suna da amfani ga natsuwa idan aka sha su da safe daidai wa daida. Ka dai yi sallama da su daga azahar, ko a ƙurewa kafin la'asar. Ka je majalisa da wuri ka tashi da wuri, kuma idan ana zuba shayi ka nemi na citta da kanumfari wanda ba a sa masa ganye ba. Lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da matasa suke sha kuwa kafeyin ne da sukari mai yawa, kuma rancen kuzari suke bayarwa wanda za a biya da ruwa.

Gyangyaɗin bayan azahar yana da asali a halittar ɗan Adam, domin jiki yakan yi sanyi a wannan lokaci ko da mutum ya ƙoshi da barci, sai dai bashin barci da tulin tuwo ko shinkafa suna ninka shi. Ƙailula magani ce mai kyau idan aka san iyakarta. Minti ashirin zuwa talatin sun isa su wartsakar da mutum. Idan ta zarce awa ɗaya, ko aka kai ta bayan la'asar, mutum yakan tashi da nauyin kai, kuma ta ci daga rabon barcin dare. Akwai kuma tambayar da nake so ka yi wa uwargida: shin kana minshari mai ƙarfi, kuma ta taɓa lura numfashinka yana ɗaukewa na 'yan daƙiƙoƙi sannan ka ja shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? Idan ta ce e, wannan ciwo ne mai zaman kansa da ke toshe hanyar iska cikin barci, ya fi yawa ga masu ƙiba da kaurin wuya, yana jawo barcin rana da hawan jini, kuma yana bukatar ganin likita.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da mutanenmu, wato hawan jini. Ba ka ambaci ko ka taɓa aunawa ba, kuma wannan shirun ma ya gaya mini wani abu. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, ba ya sa jiri, ba ya ba da wata sanarwa. Yana nan shekara da shekaru yana dukan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da cikin ƙwaƙwalwa, suna kauri suna tsukewa, wasu suna toshewa ba tare da mutum ya sani ba. Sakamakon shi ne tunani ya rage sauri, tsara aiki ya yi wuya, daga baya kuma a kai ga mantuwa ko shanyewar ɓarin jiki. Na sha karɓar magidanta da aka kawo ranga-ranga, iyalansu suna cewa jiya lafiya lau suka kwanta, alhali ciwon ya fi shekara goma yana aikinsa a ɓoye. Wannan yana ci mini rai, domin awon da zai tona asirinsa bai fi minti biyar ba.

Akwai wani bincike da aka yi a nan gida wanda ya kamata kowa ya sani. Tun daga farkon shekarun 1990, likitocin Jami'ar Ibadan, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, tare da takwarorinsu na Jami'ar Indiyana ta Amurka, suka riƙa bin diddigin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indiyanapolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa yawan masu kamuwa da ciwon mantuwa a kowace shekara a Ibadan bai kai rabin na Indiyanapolis ba. Daga cikin bambance-bambancen da suka lura da su, tsofaffin Ibadan na wancan lokaci ba su kai na Amurka yawan hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, rayuwar biranenmu ta yau, ta zama wuri ɗaya da lemon kwalba da soye-soye, tana ƙara kusantar waccan. A ɗaya ɓangaren kuma, wani babban gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu hawan jinin da aka matsa wajen sauko da awonsu sun samu raguwar kusan kashi ɗaya cikin biyar na haɗarin fara samun raunin tunani. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet kuma, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ƙiyasta cewa da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki, da raunin ji, da kaɗaici duk suna cikin jerin.

Don haka a wannan makon ka je a auna ka. Ka zauna ka huta minti biyar kafin awon, kada ka ci goro ko ka sha shayi rabin awa kafin nan, kuma a maimaita a ranaku daban-daban. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye, ka ga likita, kuma idan ya ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi, domin sauƙin daga maganin yake. A gida kuma a rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano, da garin yaji, da taliyar leda. Miyar da aka sa mata daddawa da albasa da tafarnuwa da citta sosai ba ta bukatar dunƙule biyar. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa wajen sauko da jini, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Motsa jiki shi ne abu mafi kusa da maganin da kake nema. A 2011, Kirk Erickson da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da dattawa 120. Rabinsu an sa su tafiyar ƙafa da sauri na minti 40, sau uku a mako, tsawon shekara guda, sauran kuma miƙe-miƙen gaɓoɓi kawai suka riƙa yi. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, hifokamfas na masu tafiya ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ragu kamar yadda aka saba gani da shekaru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tsayuwa gaban allo tana gajiyar da ƙafa amma ba ta shiga wannan lissafi. Abin da ake so shi ne tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Lokaci mafi dacewa gare ka shi ne bayan sallar asuba idan gari ya fara wayewa, domin za ka haɗa riba biyu: sanyin safiya, da hasken rana wanda yake saita agogon jiki ya sa barci ya zo da wuri da dare. Idan lokaci ya ƙure, ka ajiye babur ka taka zuwa shago, ko ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa.

Game da ci da sha zan taƙaita. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, rashin isasshen ruwa kaɗai yana iya jawo ciwon kai da kasala da raunin natsuwa, musamman ga malamin da yake magana awa huɗu ko biyar. Ma'auni mafi sauƙi shi ne launin fitsari: idan ya yi duhu, jiki yana neman ruwa. Abincin rana kuma a sassauta masa, a rage tuwon a ƙara miyar, a haɗa da wake ko gyaɗa ko ƙwai ko kifi, domin tulin abinci mai sitaci shi ne abokin gyangyaɗi. Ƙarancin jini ma yana kawo irin gajiyar da ka kwatanta, ko da yake ya fi addabar mata masu haila da masu juna biyu. Hanta da nama da wake da zogale da alayyafo suna ba da sinadarin ƙarfe da jini yake bukata, lemon tsami da garin kwalba na 'ya'yan kuka suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa yana hana shi, shi ya sa ya fi kyau a raba shan shayi da cin abinci da kamar awa ɗaya. Namiji mai shekarunka da aka samu da ƙarancin jini kada ya tsaya ga maganin ƙarin jini kawai; dole a binciko inda jinin yake zurarewa.

Ita kanta ƙwaƙwalwar tana bukatar aiki, kuma a nan muna da gadon da ba mu cika daraja shi ba. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da aka koya yana zubewa ne a kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan a aikace. Almajiri yakan rubuta allonsa, malam ya biya masa, ya yi ta nanatawa, amma ba a ba shi izinin wankewa sai ya kawo hadda ba tare da ya duba ba. Bayan nan kuma ga tilawar dare da ta asuba, inda ake komawa kan abin da aka wuce makonni da watanni da suka gabata. Ka ɗauki wannan hanya ka yi amfani da ita a komai. Idan sunayen ɗalibai kake so ka riƙe, ka kira sunan da ƙarfi lokacin da ka ji shi, ka dubi fuskar mai shi, sannan a hanyarka ta komawa gida ka bi layukan ajin a zuci kana kiran kowa da sunansa, ka duba rajista washegari ka ga inda ka yi tuntuɓe.

Ka kuma sa wa kanka koyon wani abu sabo wanda zai ba ka wuya, ko haddar wata sura mai tsawo, ko nahawun Larabci, ko Faransanci, ko wani aikin kwamfuta, ko rubutun ajami idan ba ka iya ba. Abin da ka riga ka ƙware a kai ba ya motsa ƙwaƙwalwa kamar wanda kake fafutuka da shi. A shekarar 2000, Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun shafe shekaru suna haddace titunan birnin kafin a ba su lasisi, ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun da suka yi a aikin. Sannan ka rage raba hankali. Ƙwaƙwalwa ba ta yin ayyuka biyu masu bukatar tunani a lokaci ɗaya, tsalle take yi tsakaninsu, kuma kowane tsalle yana zubar da wani abu. Idan za ka duba takardun jarrabawa ko ka yi lissafin shago, ka kife wayar a wani ɗaki na rabin awa. Rubuta abin da za ka yi gobe a ɗan littafin aljihu kuma ba gazawa ba ce, sauke wa kai kaya ne.

Kada ka fahimci maganata a kan majalisa a matsayin kira ga ƙaurace wa mutane. Hira da jama'a, da ziyarar dangi, da sallar jam'i, da wasan dara a gindin bishiya, duk suna cikin abubuwan da ke raya tunani, kuma zumunta a ƙafa take. Lokacin zaman da abin da ake sha a wurin ne kawai nake so ka sauya. Idan kuma ka lura kana yawan cewa a maimaita maka magana, ko rubutu ya fara yi maka dishi-dishi, ka je a gwada kunne da ido, domin wanda ba ya ji sosai yakan janye daga mutane a hankali, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ƙare ƙarfinta wajen cankar abin da aka ce. Hular kwano idan za ka hau babur, da ajiye janareta a waje nesa da taga, da ƙin kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, su ma kariya ce ga ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Maganin da aka ce ka saya a kemis kuwa, shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana ƙara kaifin tunanin mai lafiya ta hanya mai ɗorewa. Maganin ganyen bishiyar ginko, wanda ya fi kowanne suna a wannan fage, an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka na tsawon shekaru, kuma sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bai hana ciwon mantuwa ba. Bitamin yana amfani ne ga wanda gwaji ya nuna ya rasa shi, misali bitamin B12 ga wanda ba ya samun nama da ƙwai da madara, ko mai ciwon sukarin da ya daɗe yana shan metformin. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙwayoyin da ake sha don a ƙara ƙarfin aiki ko a samu barci. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, sun lalata matasa masu yawa da suka fara su da niyyar jure aiki. Diyazefam da ƙwayoyin mura masu sa barci kuma suna dusashe tunani washegari, kuma na farkon yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi.

Akwai alamomin da idan aka gan su ba a jira. Mutum ya ɓata a hanyar da ya saba bi, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin 'yan mintuna bai san ya yi ba, ko lissafin kuɗin da ya saba yi ya gagare shi, ko halinsa ya sauya har iyali su fi shi damuwa da lamarin; waɗannan suna bukatar likitan ƙwaƙwalwa. Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe farat ɗaya, ko da sun wuce bayan 'yan mintuna, asibiti ake nufa a wannan sa'ar. Haka nan idan ka shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abubuwan da kake jin daɗinsu sun fita daga ranka, ka faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin ciwon damuwa yana yawan zuwa da rigar mantuwa, kuma yana jin magani.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka ba kanka mako shida. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka kwanta da lokacin da ka tashi, da lokacin da ka sha shayi ko ka ci goro na ƙarshe, da ko ka yi tafiyar safe, da awon jininka duk ranar da aka auna. Idan wa'adin ya cika kana samun barcin awa bakwai amma nauyin kan bai ragu ba, ka ɗauki littafin ka kai wa likita, ka nemi a gwada yawan jininka, da sukari, da aikin ƙoda, da ƙwayar maƙoshi da ke daidaita kuzarin jiki, kuma ka tafi da duk wani magani da kake sha, na asibiti da na gargajiya, domin ya gan su da idonsa. Allah ya ba da lafiya, ya sa albarka a karantarwarka.